Basinen da Turawa suka zana wa kansu: bitar littafin Hugh Honour

Duk wanda ya ƙura wa mafitan hannu na matan Turai na ƙarni na 18 ido, irin masu naɗewar nan da ke ajiye a gidajen tarihi na Landan da Paris, ba zai daɗe ba zai ci karo da wani ɗan mutum. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Yana sanye da malafa mai tsini, siririn gashin bakinsa ya zubo har ƙirji, hannun rigarsa ya haɗiye hannunsa. Wani lokaci yana zaune kan gadar da ba ta haɗa ko'ina da ko'ina ba, ya jefa ƙugiya cikin ruwa. Wani lokaci yana riƙe wa wata mace laima mai ƙararrawa a gefe-gefe. A bayansa ga furen da ya fi gidansa tsawo, ga tsuntsun da ya fi shi kansa girma. Ba ya noma, ba ya fatauci, ba ya zuwa gaban alƙali, ba ya tsufa. Wannan shi ne Basine a hannun mai zanen Bature. Sau da yawa ma a bayan mafici ake tura shi, gaban kuwa an bar wa allolin Girkawa da labaran Baibul da masoya a cikin lambu.

Asalin wannan ɗan mutumin da zuriyarsa Hugh Honour ya bi diddigi a littafinsa Chinoiserie: The Vision of Cathay, wanda kamfanin John Murray ya buga a Landan a 1961. An haifi Honour a Ingila a 1927, ya yi mafi yawan rayuwarsa a kusa da birnin Lucca na Italiya, ya rasu a 2016. Ɗaliban tarihin zane sun fi sanin sa da babban kundin A World History of Art da suka rubuta da John Fleming. Amma wannan littafi na ƙuruciyarsa, da ya fitar yana ɗan shekara 34, ya fi shekara sittin yana hannun masu bincike, kuma har yau wanda zai yi magana a kan fannin da wuya ya tsallake shi.

Honour ya buɗe littafin da labarin kansa. Ya ce tun yana yaro yake ji ya san ƙasar Sin ciki da waje, domin kullum yana ganin ta a farantan cin abincin gidansu, masu shuɗin zanen gada da bishiya da tsuntsaye biyu, kuma a wurin bikin yara akan yi masa shigar babban jami'in Sin, har da kitson bogi da gashin bakin mannawa. Sai da ya girma ya gane cewa ƙasar da ya sani ba ta taɓa wanzuwa ba. Zanen farantin kansa a Ingila aka ƙirƙire shi wajen 1790, labarin masoyan da suka gudu suka rikiɗe tsuntsaye kuwa, wanda ake dangantawa da shi, Turawa ne suka ƙaga shi daga baya don farantin ya shiga kasuwa. Daga nan ya ɗauko hujjarsa, kuma ita ce ƙashin bayan littafin. Kafin shi, masu tara kayan tarihi da dama na kallon waɗannan zane-zane a matsayin kwaikwayon da bai yi kyau ba, wato Bature ya so ya yi aikin Sinawa ya kasa. Honour ya ce a'a. Salo ne na Turai mai cin gashin kansa, kuma ƙasar da yake zanawa ita ce Cathay, sunan da Marco Polo ya yayata tun ƙarshen ƙarni na 13, ƙasar da ke cikin kan Turawa kawai. A auna shi da ma'aunin Paris da Dresden, kada a auna shi da na Bejin.

Wannan hujja ta yi ƙarko domin gaskiya ce, kuma ta buɗe ƙofar da shi kansa marubucin bai shige ta har ciki ba.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne wajen nuna yadda hoto ke haifar hoto. A 1655 kamfanin kasuwancin Holan na Gabas ya tura tawaga zuwa fadar Bejin, a cikinta akwai wani Johan Nieuhof da ya riƙa zana abin da ya gani a hanya. Da littafinsa ya fito a Amsterdam a 1665, masu sassaƙa zane a farantin tagulla sun riga sun ƙara masa gishiri: inda fili ya yi faɗi sai a dasa bishiyar dabino, inda titi ya yi shiru sai a zuba 'yan kallo da masu wasa. Bayan shekara biyu Athanasius Kircher, wani malamin ɗariƙar Jesuit da ke zaune a Rum, ya fitar da China Illustrata, alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar Sin ba. Da wasiƙun 'yan mishan da labaran matafiya ya haɗa nasa. Waɗannan littattafai su suka zama rumbun da masu sana'a suka yi ta ɗiba fiye da shekara ɗari. Mai fentin akwati ya ɗauki hasumiyar Nanjing daga Nieuhof, mai saƙar dardumar bango ya ɗauki sarki daga Kircher, mai zanen kofin shayi ya ɗauki mutumin da mai fentin akwati ya riga ya gurɓata. A 1688 John Stalker da George Parker suka buga littafin koyar da fentin ƙyalli irin na Gabas, da zanukan da kowa zai kwafa. Wajen 1760 Robert Sayer ya fitar da The Ladies Amusement a Landan, cike da zanukan Jean Pillement, don matan gida su yanka da almakashi su manna a tire da akwatin ɗinki. To, idan ana mamakin yadda Sinawan mafici da na kofi da na labule duk suka fito kamar uwa ɗaya uba ɗaya, ga dalilin nan. Mai zanen ba mutum yake kallo ba, takardar wani yake kallo, shi ma wancan takardar wani ya kalla.

Honour na da ido, kuma alƙalaminsa na da zaƙi. Idan ya tsaya a kan Antoine Watteau sai ka ji kamar kana tsaye gaban hoton. Watteau ya ƙawata wani ɗaki a fadar La Muette da ke gefen Paris da surorin Sinawa. Ɗakin ya salwanta, amma an sassaƙa zanukan an buga su a 1731. A cikinsu akwai wata wai ita allahiya Ki Mao Sao ta ƙasar Laos. Tana zaune a kan wani tudu mai murɗaɗɗen gindi, laima a hannu ɗaya, wani abu mai kama da tsintsiyar gashin tsuntsu a ɗayan, maza biyu sun faɗi gabanta suna gaisuwa. Dubi fuskarta da kafaɗarta da yadda ta karkata kai: budurwar Paris ce tsaf, irin wadda Watteau ya saba zanawa a lambu samari na yi mata fadanci. Sunan kawai aka canza mata. Haka François Boucher, wanda ya nuna zanukansa na Sin a baje kolin Paris na 1742, aka kuma saƙa su dardumar bango a masaƙar Beauvais: liyafar sarki, kasuwa, rawa, kamun kifi, mace na kwalliya a lambu. Boucher ya tara ɗaruruwan kayan Asiya a gidansa, don haka tukwane da laimomi da kayan kiɗan da ke hotunansa sukan yi kusa da gaskiya. Matan kuwa nasa ne, masu jan kumatu da lumshe ido, waɗanda fadar Louis na 15 ke so.

Akwai labarai a wannan tarihi da ko mai tatsuniya zai yi shakkar faɗa. A 1670 Louis na 14 ya gina wa farkarsa Madame de Montespan wani gida a Versailles da aka kira gidan tangaran, alhali ba tangaran ba ne, yumɓun Turai ne aka shafa wa fari da shuɗi. Sanyi ya riƙa farfasa shi, aka rushe a 1687. A 1717 Augustus, sarkin Saxony, ya ba sarkin Prussia sojan doki 600 a madadin tangaran na Sin guda 151. Augustus ɗin ne dai ya tsare Johann Friedrich Böttger kamar fursuna, har sai da aka gano sirrin yin tangaran aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. A kasuwanninmu yau idan aka ce kaya ɗan Chana ne, ana nufin jabu. A wancan zamani kayan Sin ne na ainihi, Turai ce ke fafutukar yin jabunsa, har da kwaikwayon rubutun Sinanci a gindin kwano, rubutun da ba ya karantuwa. A Sweden, a 1753, sarauniya Lovisa Ulrika ta sami kyautar gidan Sin a Drottningholm ranar zagayowar haihuwarta, ɗanta Gustav mai shekara bakwai, sanye da kayan yariman Sin, shi ya miƙa mata makulli. A Potsdam, Frederick na Prussia ya gina ɗakin shan shayi ya kewaye shi da gumakan Sinawa masu ruwan zinariya, girman mutum, suna ci suna sha suna kiɗa, fuskokinsu kuwa na Jamusawa.

Honour bai manta da masana ba. A daidai lokacin da ake manna ɗan Basine a tire, manyan masu tunanin Turai na ɗaga ƙasar Sin sama. An buga koyarwar Confucius da Latin a Paris a 1687. Leibniz ya fitar da Novissima Sinica a 1697, yana ganin Turai na da abin koyo a wajen Sinawa ta fuskar ɗa'a da mulki. Voltaire ya yi amfani da Sin ya zungure cocin Katolika da sarautar gado: ga ƙasa, in ji shi, da ake naɗa jami'ai da jarrabawa, ta kuma zauna lafiya ba tare da Paparoma ba. Littafin ya jera wannan yabo da wancan wasa kusa da juna, kuma mai karatu zai ga cewa tushensu ɗaya. Masani na son Basine mai hikima don ya kunyata sarkinsa, uwargida na son Basine mai ban dariya don ya ƙawata ɗakinta. Babu wanda ya tambayi mutumin ko shi wane ne.

A nan ne na fara rabuwa da marubucin. Honour na ƙaunar Cathay. Yana ba da labarinta da murmushi, kamar mai tuna gidan kakarsa, kuma wannan ƙauna ce ta sa littafin ke karantuwa. Amma ita ce kuma ta hana shi ya daɗe a kan wasu abubuwan da ke gabansa ƙuru-ƙuru. A fadar Chantilly akwai ɗakin da Christophe Huet ya zana wajen 1737, inda Sinawa da birai ke cuɗanya a bango ɗaya, birai sanye da tufafi suna hidima, suna farauta, suna kwalliya. Masu ƙawata gidajen Faransa na lokacin sun ɗauki biri da Basine a matsayin kayan ado iri ɗaya, ana iya sa wannan a gurbin wancan. Ga kuma ɗan gunkin nan mai ƙaton tumbi da Meissen da wasu masana'antu suka yi ta ƙerawa, zaune dirshan, baki buɗe, wanda idan an taɓa shi sai kansa ya yi ta gyaɗawa, harshensa na leƙowa. Asalinsa Budai ne, wani waliyyin mabiya Buddha da Sinawa ke girmamawa a matsayin alamar wadata da sakin fuska. A kan teburin Bature ya koma abin da yara ke taɓawa su yi dariya. Faransawa na kiran irin wannan gunki da sunan da suke kiran wani nau'in biri na Arewacin Afirka. Honour ya san duk wannan, ya kawo da yawa daga ciki, amma a wajensa raha ce ta zamanin da ya iya raha. Ni kuwa ina ganin mutumin da aka shekara ɗari ana zana shi ƙarami, marar aiki, marar fushi, mai gyaɗa kai ga duk wanda ya taɓa shi, an riga an koya wa jama'a yadda za su raina shi tun kafin a sami dalilin faɗa da shi.

Ba kuma rashin ganin Sinawa ido da ido ne ya jawo haka ba. Shen Fuzong, wani matashi Kirista daga Nanjing, ya gana da Louis na 14 a 1684, kuma Godfrey Kneller ya zana shi a Ingila a 1687, hoto na mutum mai natsuwa da kamala, wanda har yau yana cikin tarin gidan sarautar Birtaniya. Wani mai ƙera surori daga Kanton da Turawa ke kira Chitqua ya zauna a Landan daga 1769, har ya fito a hoton da Johann Zoffany ya yi na manyan masu zanen ƙasar. William Chambers ya je Kanton da kansa a jirgin kamfanin Sweden, ya buga littafin gine-ginen Sin a 1757 don ya gyara shaci-faɗin 'yan uwansa, sannan ya gina hasumiya mai hawa goma a lambun Kew a 1762. Duk da haka ɗan mutumin kan gada bai gusa ba. An ce gani ya kori ji, amma a nan jin ne ya fi kasuwa.

Babban giɓin littafin a wurina shi ne mafici. An tsara babukan ne a kan zamani da salo, daga farkon al'amarin zuwa salon ƙawa na Faransa da Jamus, da na Ingila, da lambuna, har zuwa lokacin da yayin Japan ya karɓe fage. Nauyinsu na kan fadoji da kujeru da tangaran, kayan sarakuna da attajirai. Mafici bai sami babi nasa ba, alhali fadar Potsdam mutum nawa suka gan ta? Mafici kuwa yana hannun mace a coci, a gidan wasan kwaikwayo, a wurin rawa, tana buɗe shi tana rufewa a gaban fuskarta yini guda. Turawa sun san mafici mai naɗewa ne ta hannun 'yan kasuwar Fotugal a ƙarni na 16, asalinsa kuwa daga Japan. Sana'ar ta bunƙasa har masu yin sa a Landan suka sami takardar izinin ƙungiya daga sarauta a 1709, suna kuma ta kukan cewa mafitan da ake shigowa da su daga Gabas na kashe musu kasuwa. Joseph Addison ya yi wa yayin ba'a a mujallar Spectator a 1711, inda ya ƙaga makarantar horar da mata sarrafa mafici kamar yadda ake horar da soja sarrafa makami. Daga shekarun 1720 aka shiga buga zanen mafici a takarda da farantin tagulla, a shafa launi da hannu, a manna a sandunan katako ko na ƙashi, ya yi arha har mai aikin gida ta iya saya. Lady Charlotte Schreiber ta tara irin waɗannan bugaggun mafitai masu yawa ta ba British Museum a 1891, kuma tun 1991 akwai gidan tarihi na mafici zalla a Greenwich. Kayan aikin na nan. Ta wannan hanya mai arha ce hoton Basine ya shiga gidajen da ba su taɓa mallakar tangaran ɗin Meissen ba.

Mafici ne kuma ke nuna wani lauje cikin naɗi da hujjar Honour ba ta gama kamawa ba. Idan Cathay ƙirƙirar Turai ce zalla, me za a ce da mafitan da Sinawa da kansu suka yi? Daga 1757 gwamnatin Qing ta ƙasar Sin ta taƙaita cinikin Turawa ta teku a tashar Kanton kaɗai, a wani ɗan zirin fili bakin kogi. A lungunan da ke bayansa masu sassaƙa hauren giwa da masu zane suka gane abin da baƙi ke so, suka shiga yi musu shi. A tsakiyar ƙarni na 19 suka fito da maficin da 'yan kasuwa ke kira mai fuska ɗari ko mai fuska dubu. Ka buɗe shi ka ga farfajiyar gidan wani babban jami'i cike da mutane, a baranda, a matakala, a ƙarƙashin rumfa. Kowace fuska ɗan ɓallin hauren giwa ce da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, an zana mata ido da baki an manna. Kowace riga ɗan ƙyallen siliki ne na gaske, an yanka an liƙa. Aikin hannu ne na ban mamaki. Amma fuskokin kusan duk ɗaya ne, kuma ba wanda ke yin wani abu sai tsayuwa da zama. Malamin Sin da ke son mafici don kansa yakan zaɓi mai zanen dutse da ruwa da tawada baƙa, da 'yan baitoci da abokinsa ya rubuta masa. Mai fuska dubu na baƙo ne. Wato Bature ya yi wa Sinawa kuɗin goro, Basinen Kanton ya ga kuɗin goron na da riba ya sayar masa da shi, Bature ya kai gida ya ce ga shaida daga bakin masu abin.

Ƙarshen labarin a littafin shi ne dusashewar mafarki, kuma Honour ya ba da shi da alhini. Tun 1748 labarin tafiyar George Anson, wanda ya yi rigima da jami'an Kanton, ya zana Sinawa a matsayin maha'inta matsorata, a shekarar da Montesquieu ya kira mulkinsu na kama-karya. A Satumban 1792, tawagar Lord Macartney da za ta je fadar Sin ba ta ma bar Ingila ba, James Gillray ya buga zanen barkwanci na yadda za a karɓe ta. Sarkin Sin na kishingiɗe, tulele, ido a lumshe, yana busa doguwar lofe, Macartney ya durƙusa da gwiwa ɗaya yana miƙa wasiƙa, mutanensa a baya sun kifa goshi a ƙasa ɗuwawu a sama, a gabansu tarkacen kyaututtuka irin su dokin katako na yara da kejin tsuntsu da tarkon ɓera. Gillray na yi wa gwamnatinsa dariya ne, amma dubi sarkin: gunkin nan ne mai tumbi na kan tebur, an cire masa fara'a an sa masa girman kai. Sai bayan shekara guda cur Macartney ya ga sarki Qianlong a Chengde, ya tarar da dattijo ɗan shekara tamanin da 'yan kai, mai kaifin hankali, wanda ya sallame shi ba tare da biyan buƙata ko ɗaya ba. A 1801 George Henry Mason ya buga The Punishments of China, zanuka 22 na bulala da azabtarwa da fille kai, aka yi ta saye. Yariman Ingila, wanda ya zama George na 4, ya ci gaba da cika fadarsa ta Brighton da dodanni da fitilun Sin, George Cruikshank kuwa ya zana shi a 1816 a matsayin ƙaton Basine zaune a tsakiyar fadawa. A lokacin, a kamanta mutum da Basine ya riga ya zama zagi.

Honour na ganin nan ne gaskiya ta kashe mafarki: Turawa sun san Sin ta zahiri, Cathay ta mutu. Ni ban ga mutuwa ba. Siffofin da mai zanen mafici ya tanada, su mai zanen jarida ya gada, bai ƙara komai ba sai ƙiyayya. Ɗauki kitson nan guda da ke reto a bayan kowane Basinen zane. Ba al'adar Sinawa ba ce tun asali. Manchu da suka ci ƙasar a 1644 su suka tilasta wa maza aske gaban kai da barin kitso a 1645, aka kuma karkashe mutanen garuruwan da suka ƙi, irin su Jiangyin da Jiading. Tambarin mulkin mallaka ne a kan mutum. A mafici ya zama ado, a zanen barkwanci na bayan Yaƙin Ofiyom na 1839 zuwa 1842 ya zama abin da sojan ruwan Ingila ke kamawa ya ja. Launin fata ma haka. Michael Keevak ya nuna a littafinsa Becoming Yellow na 2011 cewa matafiyan farko sukan kira Sinawa farare, sai a ƙarni na 18 masu rarraba jinsin ɗan Adam, su Linnaeus da Blumenbach, suka liƙa musu rawaya. Daga nan zuwa dokar Amurka ta 1882 da ta hana ma'aikatan Sin shiga ƙasar, da zanen da Hermann Knackfuss ya yi wa sarkin Jamus Wilhelm na 2 a 1895 yana gargaɗin Turai da haɗarin Gabas, da zanen jaridar Le Petit Journal na Janairun 1898 inda manyan ƙasashe ke yanka Sin kamar waina yayin da wani jami'i mai zaƙo-zaƙon farce ya ɗaga hannu a banza, tafiyar ba ta da nisa.

Sai dai a yi wa marubucin adalci. Ya rubuta littafin shekara 17 kafin Orientalism na Edward Said ya sa irin wannan tambaya ta zama ruwan dare, kuma hujjar da ya kafa, cewa hoton na mai zane ne ba na wanda aka zana ba, ita ce tubalin da masu sukarsa suka hau. Shi kansa bai tsaya nan ba. A 1975 ya rubuta The New Golden Land a kan yadda Turai ta zana nahiyar Amurka da mutanenta, a 1989 kuma ya fitar da juzu'i na huɗu na The Image of the Black in Western Art, a kan surar baƙar fata a zanen Turawa daga juyin juya halin Amurka zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya. A can babu murmushi; ya kalli bauta da wariya ido cikin ido. Mai karatu ɗan Afirka da ya san gumakan nan na baƙin yaro mai rawani riƙe da tire ko fitila, waɗanda suka zauna a ɗakuna ɗaya da gunkin Basine mai gyaɗa kai, zai so a ce Honour na 1989 ya koma ya sake duba Honour na 1961.

Ya kuma kyauta da bai mai da Sinawa 'yan kallo kawai ba, domin sha'awar baƙon abu ta bi ta kowane ɓangare. Qianlong ya sa 'yan Jesuit, ƙarƙashin Giuseppe Castiglione, sun gina masa fadoji irin na Turai da maɓuɓɓugan ruwa a lambun Yuanmingyuan, ya kuma aika zanukan yaƙe-yaƙensa Paris aka sassaƙa su a tagulla. A shekarun 1760 wani ministan Faransa, Henri Bertin, ya aika da jerin dardumar Boucher ta Beauvais zuwa Bejin, ta isa hannun sarki, aka ajiye ta a wannan lambu. Sarkin Sin na gaske ya zauna yana kallon sarkin Sin na Boucher. A Oktoban 1860 sojojin Ingila da Faransa suka wawashe Yuanmingyuan, Lord Elgin ya ba da umarnin a cinna masa wuta.

Turancin littafin na masu dogon numfashi ne, yana tsammanin mai karatu ya san sarakunan Turai da ɗan Faransanci, kuma yawancin hotunansa baƙi da fari ne, abin takaici ga fannin da launi ne rabin daɗinsa. Gara mutum ya karanta da waya a gefe yana neman hotunan a shafukan gidajen tarihi. Wanda ya gama shi ya ɗora da The Chinese Taste in Eighteenth-Century England na David Porter, na 2010, wanda ya tsaya a kan dalilin da ya sa aka jingina wannan yayi ga mata aka kuma raina shi saboda haka, tambayar da baje kolin Monstrous Beauty na gidan tarihin Metropolitan da ke New York ya sake tasowa da ita a 2025. Amma da Honour za a fara, domin shi ya tattaro kayan wuri ɗaya, kuma cikinsu shi ya fi iya ba da labari.